Tsohuwar da Kwamfuta Ta Raba Biyu

Shekara goma sha tara marigayin ya yi a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti, kujerarsa a matse tsakanin kabad biyu na ƙarfe. Malamin kati ake ce masa. Bawan Allah ne mai sanyin hali, ko tari zai yi sai ya fita waje don kada ya dami mutane. Watan jiya ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya uku. Allah ya jiƙansa.

Da aka kawo kwamfuta, shi kaɗai ya dage ya koyi rubuta mata umarni. Sunaye ne damuwarsa. Nas ɗin safe takan buga suna da manyan baƙaƙe, ta yamma da ƙanana, kwamfuta kuwa ta ɗauka mutum biyu ne. Sai ya rubuta layi guda mai bin jerin sunayen kaf a tashi ɗaya, yana mayar da kowane babban harafi ƙarami kafin a gwada su da juna. Sunaye dubu tara suka daidaita.

Wata Talata babbar nas ta leƙo.

"Malam, ga wata tsohuwa can a benci, ta rantse an taɓa hana ta wata allura a nan, wai kumbura take sa ta. Na duba katinta, fes, babu gargaɗi. Kuma ita wannan allurar ce likita ya rubuta mata."

"Da wane harafi sunanta ya fara?"

"Kai da haruffanka! Da Ɗ mana."

"Mai ƙugiya? Yaya, ba ni minti biyar. Kada a tsira mata komai."

"Minti biyar naka ko na agogo?"

Ya buɗe jerin. Umarninsa ya ƙanƙantar da haruffa daga A zuwa Z, amma Ɓ da Ɗ da Ƙ suna nan ƙiƙam da girmansu. Shi da kullum yake rubuta su bai taɓa tunanin kwamfuta ba ta san da zamansu ba. Ashe tsohuwar kati biyu gare ta: mai babban Ɗ da mai ƙaramin ɗ, gargaɗin kuwa yana cikin wanda nas ba ta buɗe ba. Ya ƙara haruffan uku cikin umarnin da hannunsa, ya sake sakin layin a kan jerin. Katunan mutum ɗari da sittin suka haɗe.

Ya fitar da katinta mai gargaɗin a takarda, ya miƙa wa nas, ya taka da kansa har benci ya durƙusa.

"Iya, gaskiyarki. Ni na raba ki biyu, ki yafe ni."

"Ni dai ɗaya na san kaina, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Yanzu babu allurar ke nan?"

Nas ta mayar da kwalbar allurar cikin tire, ta koma wajen likita a sake magani.