Rakiya Har Bishiyar Can

Wankan jegona ne ya kawo Inna birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Aka yi suna, aka yi arba'in, yarinya ta yi zama ta yi rarrafe har ta fara dafa kujera tana miƙewa, Inna tana nan. Ni na riƙe ta, kuma so nake ta zauna da mu gaba ɗaya. Babanmu ya rasu, ƙannena duk sun watse cikin birane, me za ta koma yi a ƙauye bayan duwatsun Riruwai, ita kaɗai da gona da awaki? Takardun zamanta ma sun fito. Amma duk sanda na ce, "Inna, kin dai zauna ke nan ko?" sai ta ce, "Duk yadda kuka yi." Amsar nan tana ƙona min rai, don na san uwata. Matar da in ta ɗaga murya a bakin rijiya sai an ji ta a kasuwa, wai yau ita ce mai barin wasu su yanke mata.

Zaman gida ne ya cinye ta. A unguwarmu ta gabashin gari babu inda mutum zai je da ƙafa. Masallaci mota, kanti mota, gidan 'yar'uwar da za ku yi Hausa tare ma mota. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana yana tuƙin tasi, sai Inna ta wuni da jaririya da talabijin ɗin da ba ta jin abin da yake faɗa. Ta rage ci, ta rage magana. Likita ya duba ya ce ba komai sai ɗan hawan jini. Ni kuwa ina ganin uwata tana dusashewa a kan kujera.

A wurin aikinmu akwai wata nas, Baturiya, dattijuwa mai furfura. Da ta yi ritaya sai ta ɗauko wani abu da a lokacin na ɗauka taɓin hankali ne: wai za ta ratsa jihar nan da ƙafa, daga manyan duwatsun yamma har bakin teku, ta wata siririyar hanya da aka fitar cikin daji don masu irin wannan sha'awar. Zango-zango take yi, tana kwana a tanti. Da ta iso kusa da mu cikin watan Afrilu ta kira ni ta ce tana so ta huta ta yi wanka da ruwan zafi. Na ce gida ai gidanki ne, na je na ɗauko ta.

Inna ta dubi takalman matar, duk jan taɓo, ta dubi ƙatuwar jakar da ta sauke, ta ce, "Daga ina haka?"

Na yi mata bayani.

"Motarta ce ta lalace?"

"A'a, Inna, motarta lafiya lau."

"Rasuwa aka yi musu a can?"

"A'a."

"To me za ta karɓo a bakin tekun?"

"Ba komai. Tafiyar kawai take so."

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah!" Sai ga ta a kicin ba wanda ya roƙe ta. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka, ta tsare baƙuwa da ido har sai da ta ƙara. Da asuba na tarar ta dafa ƙwai, ta soya gyaɗa, ta ɗebo dambun naman da take ɓoyo tun zuwanta, ta ɗaure duka wai guzuri.

Ranar Asabar ce, maigida yana gida da yarinya, ni kuma zan mai da baƙuwa inda ta bar hanyarta, can arewa maso yamma bayan an wuce garin Summerfield. Ina neman makullin mota sai na ga Inna a bakin ƙofa da gyale da silifa. Ta ce, "Baƙuwa za ta tafi, a bar ta ta fita kamar wadda aka kora?" Wallahi daɗi ya kusa sa ni rawa, don rabon da ta ce za ta je wani wuri da bakinta har na manta.

Muka bar gari, muka wuce gonakin dawakai, ƙasa ta fara tashi tana sauka, har muka tsaya a wani fili mai tsakuwa a bakin daji. Baƙuwa ta rungume mu, ta sunkuya za ta ɗauki jakarta. Caraf, Inna ta riƙe igiyar.

A garinmu ba a sallamar baƙo a ƙofar gida. Sai ka karɓi kayansa, ka taka masa har bakin rafi ko gindin tsamiyar bayan gari, sannan ka miƙa masa ka yi addu'a. A nan kuwa rakiya daga falo zuwa ƙofar mota ce, ka ɗaga hannu ka koma ciki. Yau Inna ta sami baƙuwa mai tafiyar ƙasa, ina za ta bari?

Ta ce, "Ki gaya mata mu kai ta bishiyar can." Ta naɗe gyalenta ta yi gammo, ta ce, "Ɗora min."

Baturiya ta rikice, tana cewa da Turanci jakar da nauyi, a baya ake goya ta. Na fassara. Inna ta ce, "Goyo na yaro ne, kaya na ka ne. Ke 'yar nan, ɗora min na ce!" Na kama, muka ɗaga. Wuyanta ya ɗan girgiza, ta gyara tsayuwa, ta saki hannu, ta shige daji igiyoyin jakar suna lilo a gefen kunnuwanta.

Muka iso bishiya. Inna ba ta ko kalle ta ba, ta ce, "Ina jin ƙarar ruwa a gaba, mu kai ta rafin." Muka iso rafi, ta cire silifa ta riƙe a hannu, ta tsallake kan duwatsu. A wancan gefen hanya ta miƙe sama. Na ce, "Inna, to ai mun kai." Ta ce, "Haba! A sallami mutum a gindin hawa? Wa ya koya miki wannan?"

Kai, dajin nan ya yi kyau ranar! Ganye sabo fil, wasu ƙananan bishiyoyi sun yi farin fure, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A jikin itatuwa an bi an ɗiga farin fenti, shi ke nuna wa matafiyi hanya, Inna ta ce wannan dabara ce, Allah ya yi wa mai ita albarka. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne itacen wuta. Ga kirare, ga manyan gungume, duk a zube suna ruɓewa. "Dubi itace! Dubi itace, jama'a! Ba mai ɗiba? Da matan garinmu ne, kafin azahar sun share wurin nan tas." Duk wanda muka yi karo da shi kuwa sai ta gaishe shi. "Sannunku! Ina gajiya? Ya hanya?" Wasu mata biyu masu saukowa suka tsaya baki buɗe suna kallon jaka a kan tsohuwa, suka tafa mata, ita kuma ta ce, "Yawwa, a sauka lafiya."

A kan tudun farko baƙuwa ta kafe sai an ba ta kayanta. Aka yi ta ja, ni a tsakiya ina fassara ina haki. Daga ƙarshe aka raba: ta goya jakarta, Inna ta ɗauki naɗin tantin. Baƙuwa ta miƙa mata ɗaya daga cikin sanduna biyun da take dogarawa, Inna ta juya ta ta duba, ta mayar mata ta ce ta gode, ba ta kai nan ba tukuna.

Daga nan bakin Inna ya buɗe, kuma bai sake rufuwa ba. Ta ba da labarin yadda take haye dutsenmu da kwandon dankali a ka zuwa kasuwa, ni a bayanta, ƙanena a ciki. Ta ba da labarin ranar da birai suka kwashe mata masara. Ita tana Hausa, Baturiya tana amsawa da Turanci, suna ta ƙyalƙyala dariya, ba wadda ta nemi in fassara. Ni ina can baya, doguwar riga tana harɗe ni, ƙirjina kamar ana daka. Inna ta waiwayo ta ce, "Ɗaga ƙafa mana! Tir, mota ta gama da ke." Na ce, "Inna, hawan jininki fa!" Ta ce, "Yana gida, na bar shi a kan kujera." Ina hakin ina dariya, don wannan muryar ce nake nema tun watanni.

Sai da rana ta take sannan hankalina ya dawo jikina. Na tambayi baƙuwa ina muke. Ta ce mun ci fiye da rabin zangon yau. Komawa wurin mota ya fi nisa, gara mu haye babban dutsen da ke gabanmu, a bayansa akwai titi. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na shiga uku, ba ruwa, ba abinci, ga tsohuwa da silifa! Inna ko a jikinta. Ta yi alwala a wani ɗan rafi, ta dubi rana, ta shimfiɗa gyale kan falalen dutse muka yi salla, baƙuwa tana zaune gefe tana jiranmu. Da muka idar matar nan ta kwance guzurin da muka ba ta ta ajiye a tsakiya. Mu muka ba ta, mu muka cinye. Inna tana ɓare ƙwai tana cewa, "Wannan abin kunya har ina? Kada ki gaya wa kowa a gida."

Can gaba hanya ta fita daga daji ta bi gefen wata gona da aka huɗe. Ƙasar ja wur, irin ta garinmu. Inna ta durƙusa da tanti a kanta, ta damƙo ta murje ta sansana, ta ce, "Ta sha ruwa, ta isa shuka." Ta daɗe kafin ta zubar.

Hawan ƙarshe ya ba ni wuya. Dutse ne tsagwaro, wani wurin sai da hannu. Inna ta cusa silifa a ƙugun zani, ta kama hawa da ƙafa tsirara, yatsunta suna neman tsaga kamar sun san wurin. Ni ina ambaton Allah ina jan jiki, ita tana sama tana cewa, "Ta nan! Taka nan!" Da muka fito kan tsauni iska ta buge mu, ƙasa ta buɗe a gabanmu, tuddai bayan tuddai, kore shar, gonaki, ɗan farin coci can nesa, shaho yana shawagi a ƙarƙashinmu. Inna ta sauke kayan kanta, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Guɗa fa, irin ta ranar biki! Duwatsun suka amsa mata. Baturiya ta gwada yi, abin ya fito kamar kukan akuya, muka zube muna dariya har da hawaye.

A nan waya ta kama, na kira gida. Maigida ya ce, "Rakiya kuka tafi ko ƙaura?" Baƙuwa ta karɓa ta kwatanta masa titin, ya ce ga shi nan da yarinya.

Hanya ta rabu biyu a wurin. Tata ta bi kan tsauni zuwa inda za ta kafa tanti, tamu ta gangara titi. Inna ta ɗaura mata tantin a jaka da hannunta, ta riƙe hannayenta biyu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Ki gai da mutanen bakin tekun." Wannan ma ban fassara ba. Matar ta ce amin yadda ta ji muna faɗa, ta juya, muna kallo har furfurarta ta ɓace cikin ganye.

Ni kuwa zuciyata fal murna. Na ce ai na sami maganin. Na fara zuba: "Inna, kin gani ko? Duk Asabar zan kawo ki! Zan sayo miki kambas, mu zo da yarinya, akwai wasu hanyoyin ma a bakin tafki kusa da gida, ko da yamma sai mu..."

Ta ce, "Ke 'yar nan, zauna."

Na zauna. Tana kan dutse ta miƙe ƙafafu, tana murza su, duk ƙura da ƙujewa.

"Na ɗauka na ƙare ne," in ji ta. "Tun da na zo nake jin ƙafafun nan kamar ba nawa ba. Na ce to, tsufa ya zo, in zauna inda aka ajiye ni, kada in koma in zame wa mutane wahala. Ashe suna nan da ƙarfinsu. Ki sa a mai da ni gida kafin ruwan shuka ya sauka."

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Ni da motata na kawo ta wurin nan! Na buɗe baki in ce jikarki fa, ni fa, wa zan tarar in na dawo daga aiki? Sai na dubi fuskarta. Gumi ya wanke ta, ido tar, ɗankwali ya karkace, uwata ce sak ta da. Wannan matar nake so in riƙe, kuma wannan matar ba za ta taɓa zama a falona ba. Wadda za ta zauna ɗin ita ce waccan ta kan kujera, ni kuma ba na so in sake ganinta.

Na ce, "To, Inna."

Ta ce, "Yawwa, Allah ya yi miki albarka. Share fuskarki, kada mijinki ya ce dukan ki na yi."

Ta sa silifarta ta kama gangara. Na bi bayanta ina kuka, ita kuwa tana gaba tana gaya min wace gona za ta sa wa masara bana, wace kuma za ta bar wa dankali.