Wayar Eudochia ba ta fita ranar Lahadi

Eudochia Cojocari ta yi shekara goma sha tara tana haɗa layi a gidan waya na Nisporeni, can ƙasarmu Moldova. A zamanin, mutum zai ɗaga kan waya ya ce, "Dochia, ba ni asibiti," ita kuma ta soka igiya a raminta, magana ta wuce. Babu haihuwa ko mutuwar da aka yi a garin da ba ta ratsa ta kunnenta ba, kuma ba a taɓa jin ta fesa ko guda ba. Rana ɗaya aka kawo injin da ke haɗa layi da kansa, aka ba su furanni da takardar godiya, aka ce su tafi gida su huta. Su huta! Mijinta Profir yana fama da ciwon baya da kwalba, ɗanta Octavian yana shekara goma sha huɗu. Sai ta ɗaure jakarta ta hau ƙaramar bas zuwa Italiya, kamar yadda dukkanmu muka yi.

A Padova ta yi jinyar tsofaffi huɗu har zuwa kabari. Na biyar shi ne Sinyor Ermete Baldan, tsohon mai gasa burodi, wanda ciwon suga ya cinye wa ido, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Shekara uku tana tare da shi. Ita ke masa wanka, ta aske shi, ta yi masa allura, ta sha mitarsa a kan gishiri. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Amma shi da 'yarsa Loredana, da ke zaune a Milano, Dora suke kiranta, wai sunanta yana da wuyar faɗi. Haruffa takwas ne fa, mutanen da ke iya faɗin sunan cuku iri arba'in.

Duk matar da ke irin wannan aiki abu ɗaya ta mallaka: yammacin Lahadi, daga ƙarfe biyu zuwa bakwai. Lokacin ne muke taruwa a lambun da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, mu cika bencina, mu ci plachinta, wato burodinmu mai cuku a ciki, mu yi ta ɓare 'ya'yan sanfulawa muna tofar da ɓawo, kowace da waya a gaban fuska tana yi wa jika wasa ko tana zagin miji. A gidan aiki sai dai ka yi raɗa a banɗaki. A lambu kuwa ka yi ihu da harshenka, babu mai cewa ka rage murya.

Wannan yammacin ne Loredana ta zo ta ci, da murmushi a fuskarta.

Ta iso wata Asabar da kwali a hannu. A ciki wata ƙaramar lasifika ce mai jin magana, girmanta bai wuce gwangwanin tumatir ba. Ka kira sunanta ka ce ta sa waƙa, ta sa. Ka ce ta faɗi lokaci, ta faɗa. Ka ce ta kira Milano, ta kira. Loredana kuma tana iya buɗe ta daga can, muryarta ta faɗo tsakiyar falo babu sallama. Tsohuwar rediyon uban ta kai bola, wai hannunsa na rawa, ba ya iya murɗa ta.

Sai dai lasifikar ba ta aiki sai da intanet, intanet ɗin gidan kuwa Loredana ce da kanta ta sa aka yanke tun bayan rasuwar uwarta.

"Dora, ara mini wayarki minti ɗaya," in ji ta. "Ai kina da data mai yawa, ko? Zan buɗe mata ta riƙa sha daga nan. Na ɗan lokaci ne kawai, kafin in sa a dawo da layi."

Dochia ta miƙa. Ta tsaya tana kallo Loredana ta kunna hosfot, ta ɗauki tata wayar ta koya wa lasifikar sunan wayar Dochia da lambar sirrinta. Fitilar lasifikar ta yi shuɗi, muryar mace ta gaishe su da ladabi. Tsoho ya washe baki kamar an ba shi amarya. Matar da ta yi shekara goma sha tara a kan layi ba ta buƙatar a yi mata bayani. Nan take ta ga inda abin zai kai, ta ce, "Sinyora, to ranar Lahadi fa?"

"Au, za mu duba, za mu duba." Ta sumbaci ubanta ta bi jirgin ƙarfe biyar.

Lahadin farko Dochia ta fita da wayarta, don tata ce, ba gadon gidansu ba. Da ta dawo ta tarar da tsoho zaune a ƙasa tsakanin kujera da tebur. Santsi ya kwashe shi, ya kasa tashi, ya yi awa biyu yana kiran lasifikar, ita kuma tana ba shi haƙuri wai ba ta samu hanyar intanet ba. Ya jiƙa wandonsa, yana kuka don kunya. Ta ɗaga shi, ta wanke shi, zuciyarta na tafasa, ta rasa ma wanda za ta fara tsine wa. Da Loredana ta ji, ba ta ce laifinta ba ne. Cewa ta yi, "Haba Dora, awa biyar ne fa kacal. Ba za ki iya barin waya awa biyar ba? Mata nawa ne ke neman aiki irin naki?"

Ba wai Dochia ta zauna ta zuba ido ba ne. Ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta roƙi a ba su lambar waifai ɗinta, matar ta yi mata magana ta bayan sarƙar ƙofa, ta ce ɗanta ya hana. Ko da ta bayar ma, lasifikar ba ta karɓar sabon layi sai da umarni daga wayar Loredana, Loredana kuwa sai ta yi wata biyu ba ta leƙo ba. Sai Dochia ta yi dabara irin ta masu aikin waya. Ta ari wata tsohuwar waya wurin ƙawarta Parascovia, ta sa mata suna iri ɗaya da lambar sirri iri ɗaya da nata, lasifikar ta ɗauka ita ce, ta kama. Lahadi biyu aka yi lafiya. A ta uku batirin tsohuwar wayar ya kumbura, ta mutu murus. Ta rubuta wa Loredana sau shida a kan maganar layi. Amsa ɗaya take samu, hoton babban yatsa.

Daga nan wayar ta daina fita. Ƙarfe biyu na yi sai ta jona ta a caji, ta ajiye a kan tebur kusa da hannun tsoho, ta fito hannu rabbana. Ta zauna a benci tana kallon kowa na hira da gida.

"Ke Dochia, yau ma kin bar kishiyarki ta yi reno?" in ji Parascovia, bakinta cike da ɓawo.

"Rufe mini baki, Pasha."

"Ni fa gaskiya nake faɗa. Da can ke kike haɗa layi, yanzu ke ce layin. Su ɗaura miki eriya a ka mana su huta."

"Allah ya haɗa ki da tsohuwa mai cizo."

"Ai tuni ya haɗa ni, kin ga hannuna."

Aka yi dariya, har da ita. Amma abin yana cin ta, don ta san dalilin da ya sa take bari. Ba tsoron kora kaɗai ba ne. Duk sa'ad da ta kai hannu za ta zare wayar daga caji, sai ta tuna tsohon a ƙasa, ranta ya ƙi. Su ma sun san ba za ta iya ba, shi ya sa ba su damu ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Octavian yanzu direban babbar mota ce mai sanyi, yana yawo da kifi da 'ya'yan itace daga wannan ƙasa zuwa waccan. Shekara huɗu rabonta da shi ido da ido. In ta je gida a watan Agusta yana kan hanya, in ya je gida ita tana nan tana aske gemun wani. Cikin wani mako na Oktoba ya kira ta, murya na rawa don murna. "Mama, ranar Litinin zan bi ta gefen Padova. Dole in tsaya hutun minti arba'in da biyar, doka ce. Zan tsaya a gidan mai na bakin babban titi. Ki zo in gan ki."

Ba ta nemi izinin kowa ba, ta san amsar da za a ba ta. Ta shirya da Parascovia ta zo ta zauna da tsoho awa ɗaya ranar Litinin. Ta saya masa safa mai kauri da rigar sanyi. Ranar Lahadi ta kwaɓa ƙullun plachinta ta rufe, don ta gasa da safe ya ci da zafinsa. Ƙarfe biyu ta jona waya, ta ce, "Sinyor Ermete, na fita." Ya ɗaga mata hannu, hankalinsa na kan wasan ƙwallon da za a fara ƙarfe uku. Daga lambun ta wuce wurin wata 'yar garinmu ta rina mata gashi, don kada yaron ya ga furfura ya tsorata.

Bakwai saura ta shigo, kanta na ƙamshin rini. Tsoho ya tarbe ta da fara'a.

"Dora, mun ci biyu da ɗaya! Amma wayar nan taki ta so ta kashe ni. Da ta fara ƙara sai wasan ya yanke. Sai na lalubo wani maɓalli a gefe, in na danna sau biyu sai ta yi shiru, wasa ya dawo. Kin ga makaho da basira?"

Ta ɗauki wayar. Kira tara, duk na Octavian. Saƙon murya uku. Ta kara a kunne tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Mama, an loda mini kaya da wuri, yau zan wuce ba gobe ba. Na iso, ina gidan man. Ki hau tasi, ni zan biya." Ƙarfe uku da minti goma ke nan. Na biyu: "Mama, ina kika shiga ne? Ɗauki mana, don Allah." Na uku ya fi tsawo, ana jin kukan injin a bayansa. "Na ƙara minti ashirin, ba zan iya wuce haka ba, kifi ne a bayana, ofis sun fara kira. Na bar miki leda wurin matar da ke karɓar kuɗi a nan, gyaɗar gida ce da zuma, Baba ya aiko. Na yi ta kallon duk tasi da ta shigo. Ba komai, Mama. Wani lokacin."

Daga bencin da ta zauna zuwa gidan man nan, tafiyar minti goma sha biyu ce a tasi.

Ba ta yi kuka ba. Sai fitilar lasifikar ta yi kore, muryar Loredana ta faɗo falon.

"Baba? Dora ta dawo? Dora, na yi ta ƙoƙarin shigowa da rana abin yana yankewa. Don Allah ki gaya wa mutanenki su daina kira ranar Lahadi, ai sun san wayar tana aiki. In da wani abu ya same shi fa? Ni dai ba na son..."

Dochia ta sa yatsa ta kashe hosfot ɗin. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma.

"Mutanena," in ji ta, da harshenmu, da ƙarfi, a tsakiyar falon da ba ta taɓa ɗaga murya a cikinsa ba. "Mutanena! Uban wa ya saya mini wayar? Na wanke muku uba, na share masa kashi, na ba ku dare da rana, awa biyar ɗin ma kun bi ni kun ƙwace. 'Yar rainin hankali kawai, mai hoton yatsa!"

Tsoho bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya ji sautin. Ya kira lasifikar, ta ba shi haƙuri, ba ta samu hanyar intanet ba. Ya sake kira, ta sake ba shi haƙuri. Sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashinta.

"Dora," in ji shi a hankali, "na yi wani laifi ne? Wa ke ta kiran nan?"

Ta koma harshensu. "Ɗana ne. Ya zo wucewa, ya tsaya yana jirana. Shekara huɗu ban gan shi ba. Ya tafi."

Hannun nan da tsohon ya danna maɓallin da shi yana ta shafa gefen tebur. Da ya buɗe baki, muryarsa cike take da mamaki na gaskiya, babu mugunta ko kaɗan a cikinta.

"Ashe kina da ɗa?"