Fitilar da na kunna wa maƙwabta

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara yi mini sallama ba, na bar aikin ofis a Manchester na koma Birmingham, na buɗe ɗan shagon kayan abinci a Sparkbrook, a wani ƙaramin titi da ya ratse daga Stratford Road. Kuka, daddawa, garin tuwo, busasshiyar kuɓewa, yaji, duk abin da mutanenmu ke kewa. Shagon bai fi falon gidan haya ba, amma allon da na sa aka kafa a samansa, ko babban kanti sai haka.

Wani abokina na Withington ne ya haɗa ni da masu yin sa. Kore ne da fari, mai fitila a ciki, da ɗan maɓallin ƙara haske ko ragewa. Ranar da aka kafa, mai aikin ya tambaye ni inda zai tsayar da hasken. Na ce ya kai shi ƙarshe. Ya ce akwai gidaje a tsallaken titi fa, kuma council, wato hukumar gari, na da ƙa'ida a kan haka. Na ce ai don gidajen ma nake so ya haska.

Kada ku yi mini dariya tukuna. A Kano na tashi, kuma a layinmu shagon mahaifina ne kaɗai mai janareto. In an ɗauke wuta, ko ya rufe ba ya kashe ƙwan ƙofa sai layi ya watse. Nan mai shayi ke kafa teburinsa, nan dattawa ke hira. Yakan ce wannan ƙwan ba nasa ba ne, na maƙwabta ne. To ni ma sai nake rufe shago in bar allona a kunne har gari ya waye, in tafi gida ina jin lada na shiga aljihuna.

Bayan wata uku takardar council ta iso. An kai ƙara. Hasken ya wuce abin da aka yarda da shi a titin da mutane ke kwana, kuma ma ban nemi izinin kafa allo mai fitila ba. In rage shi in nemi izini, ko a sa ni in sauke.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba takardar ce ta fi ƙona mini rai ba, wanda ya kai ƙarar ne. Na zauna na bi mutanen titin ɗaya bayan ɗaya ina zargi: mai shagon kayan miya na kwana, mai aski, har wata tsohuwar Baturiya da ba ta taɓa yi mini komai ba sai murmushi.

Wanda nake kai wa kukana shi ne wani dattijo ɗan garinmu, tsohon injiniya, da ke zaune a flat ɗin sama, daidai tsallaken shagon. Baba nake ce masa. Shi ne mutum na farko da ya fara sayayya a wurina, shi ya yi addu'ar buɗe shagon. Kullum da hantsi zai shigo, ya zauna a kan kujerar roba, mu gaisa.

"Baba, ka ga hassada ko? Mutum yana haska musu titi kyauta, su kai shi council!"

Sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi. "Allah ya kyauta, ɗana."

"Wallahi in na gano shi, ko gaisuwa ba za ta sake haɗa mu ba."

"A dai yi haƙuri."

Mako biyu muna haka, ni kuma ban rage hasken ba. Na ma fara rubuta wa council amsa mai zafi.

A cikin kwanakin ne aka sallamo matar Baba, Hajiya, daga asibiti. Na ce zan zo dubiya. Ya ce, "Ka zo da rana, ɗana. Da rana ya fi." Sau biyu yana maimaitawa. Da rana kuwa ina shago, don haka sai na tsallaka bayan magariba da ledar lemo da ayaba. Lokacin sanyi ne, tun la'asar duhu ya rufa.

'Yarsu ce ta buɗe ƙofa, wadda aka haifa a nan, tana aiki a wani kantin magani. Ta kai ni ɗakin da Hajiya ke kwance, na yi sallama na shiga, sai na tsaya cak. Ba su kunna fitila ba, amma ɗakin kore shar. Labule biyu ne a tagar, an rataya zanin atamfa a kai, an ƙara da sallaya an maƙale da abin shanya. Duk da haka hasken na kutsowa ta gefe da ta sama, ya kwanta a bango, a kan kwalaben magani, a kan fuskar Hajiya.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana sa mini albarka, har da tambayar ya kasuwa. Baba kuwa ya kasa dubana.

Yarinyar ce ta yi magana daga bakin ƙofa. "Uncle, ni na rubuta wa council. Sorry. Mum ba ta barci. Sai ta farka ta ɗauka asuba ta yi, ta tashi alwala. Sau biyu tana faɗuwa. GP ɗinta, likitanta, ya ce dole ta samu barci. Na ce wa Dad ya gaya maka, ya ƙi."

"Ke, ya isa," in ji Baba.

Na ce, "Baba, wata uku? Kullum muna tare. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Ina ganinka ta nan in ka rufe shago. Sai ka tsallako titi, ka tsaya kana kallon allon kana murmushi. Na kasa."

Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba. Ban san yadda na sauko benen ba. Na tsallaka, na buɗe shago, na kashe allon. Amsar da nake rubuta wa council na yaga ta, na cike takardar neman izini kamar kowa. Mai aikin ya dawo ya rage hasken sosai, ya sa masa agogon da ke kashe shi da zarar na rufe. Bai ce ai ya gaya mini ba, amma fuskarsa ta faɗa.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na ɗauko alherin mahaifina daga layin da ke cikin duhu na kawo shi titin da kowa ke neman duhun da zai yi barci, ban tambayi kowa ba. Kuma da karar Baba za a bi, da har yau Hajiya tana rataya sallaya a taga. Yarinyar da na so in ce ba ta da kunya, ita ta yi mana gata mu duka. Yanzu in zan yi wa maƙwabci alheri, sai na fara shiga ɗakinsa na ga yadda abin yake daga can.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne washegarin ranar. Baba ya shigo da hantsi kamar kullum, ya ja kujerar roba ya zauna. Na tambaye shi ya mai jiki. Ya ɗago kai, idonsa ya cika da ƙwalla, yana murmushi.

"Ɗana," ya ce, "yau Hajiya ta makara sallar asuba."