Ƙwaryar Baffa da Furar Inna

Jama'a, yau Baffa da Inna suka haɗu suka kashe mini randebu, wato ranar ganin likita, da na yi wata uku ina jira!

Gobe ne ya kamata likita ya duba mini hanji da na'ura a Damagaram. Ya ba ni garin maganin wankin ciki, ya ce in jiƙa in riƙa shan kofi ɗaya-ɗaya a hankali, kada in ci komai.

Bayan azahar ina zaure da kofina, sai ga Baffa, ƙanen babana, ya dawo daga kasuwar Bande. Ya ce, "Wane irin shan magani ne wannan, kamar shayi? Magani kafa kai ake yi!" Ya juye maganin duka a ƙwarya, ya tsaya a kaina. Kunya ta hana ni musu. Na kafa kai sai da na ga gindin ƙwarya.

Wallahi ko ƙofa ban kai ba! Amai kamar an ɓalle famfo. Maganin duk ya dawo.

Baffa ya ce, "Madalla, ciwon ne ke fita!"

Ina kwance jiri na ɗibata, Inna ta tallafi kaina ta ɗura mini fura. "Sha, ɗan nan, cikinka ba komai."

Na kira likita na faɗa masa. Ya ce, "Fura? To, duban hanji sai bayan girbi."

Ciwona yana nan inda yake. Baffa kuwa yana ƙofar masallaci yana ba da labarin yadda ya warkar da ni.