Haƙorin da Na Hana a Wanke Saboda Azumi

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban ce uffan ba. Jiya wata ɗiya ta rubuta cewa sau uku tana zuwa wurin likitan haƙori, kullum wanke ramin yake yi, ya ƙi liƙewa, har ta gaji. Ita ta sa zan faɗi abin da na ɓoye tun ina amarya.

A Tawa ne, shekarun farko na mulkin kai. Maigidana ma'aikacin gidan waya ne. Ni kuwa na ɗan yi lakwal, wato boko, ba ni da aiki sai karanta ƙananan littattafan da fatake ke kawowa daga Sakkwato. In na gama ɗaya, sai in wuni a cikinsa. Ina shara ina fadar wani sarki, ina tuwo ina bakin kogin da ban taɓa gani ba.

Wata rana muna lugude da maƙwabciyata, hankalina na can. Na cilla taɓarya, na tafa, na manta da ita. A bakina ta sauka.

Haƙorin gaba ne, na gefen wushiryata. Bai karye ba. Bayan watanni ya fara dusashewa kamar toka, sannan ciwo ya zo, yana bugawa tare da zuciyata.

Inna, uwar maigidana, ta zo daga Kalfu ta duba. Ta ce, "Wanga ya mutu. A kira wanzami shi hidda shi, ki huta."

Na shiga ɗaki na yi kuka. A duk littattafaina ban taɓa ganin yarinya mai giɓi ba.

Aka ce wani lokotoron haƙori, Bature, yana zuwa daga Yamai lokaci-lokaci. Zuwansa ya faɗo cikin azumi. Majo, wato babban mai jinya, wani dattijo mai barkwanci, shi ke mana tafinta. Ya ce za a huda haƙorin ta baya, a cire jijiyar da ta mutu, a wanke ramin, a cike shi, haƙori ya zauna.

Hudawar na jure. Amma da na ga sirinji cike da ruwa ya nufo bakina, sai na datse leɓe.

Majo ya ce, "Ke ɗiyata, buɗe. Ba hura ba ce, ba mai sha."

Na ce, "Baba, azumi nike."

Ya yi lallashi, na ƙi. Mutane cike da baranda, motar lokotoro kuma da asuba za ta tashi. Bature ya ɗaga kafaɗa, ya goge ramin da 'yar auduga, ya liƙe.

Na koma gida ina jin kamar na ci yaƙi. Ga azumina, ga haƙorina. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba.

Kafin Sallar Layya leɓena ya kumbura har ya taɓa hanci. Wani ƙurji ya fito a dasashi yana zubar da ruwa mai ɗaci. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina kallon azarar ɗaki, sai in ga ta zama jirgin ruwa, ina ciki, ana tuƙa ni zuwa wani gari inda duk mata ke dariya da hannu a baki.

Maigidana ya zauna bakin gado ya ce, "Ko da giɓi ke ce, Hadiza." Ya faɗa da kirki, amma ya fi ciwon zafi.

Da lokotoro ya dawo, Majo ya dube ni ya girgiza kai.

"Kin taɓa ganin an yi wa rijiya marfi da mushen akuya ciki? Abin da munka yi ke nan. Kuma liƙi ba ya kama bango mai ƙura, tambayi magina. In wanga karon bai yi ba, sai cirewa."

Suka buɗe. Warin da ya fito, ni kaina na ji kunya.

Wannan zuwan mako biyu lokotoro ya yi a gari, sau uku ina komawa. Ya zura siririyar allura cikin ramin, ya tura ruwa mai warin jabel, maganin faranta tufafi, a hankali, ya kankare da ɗan ƙarfe kamar zare, ya sake turawa. Majo na tare ruwan da auduga. Sai a sa magani, a toshe na wucin gadi, in tafi. Ina kwance a kujerar nan ido rufe, ina jin sanyin ruwan yana sauka can wani wuri da ban san ina da shi ba, kamar ruwan sama na farko a kan dutsen ƙasarmu ta Adar.

Ran na uku ya zura tsinken takarda. Ya fito fari, busasshe. Ya nuna wa Majo, Majo ya nuna mini.

"To, amarya, yanzu rijiya ta yasu."

Sannan ya cike, ya liƙe.

Daga baya na sa maigidana ya tambayi limamin unguwarmu, kamar zancen wata ne. Liman ya ce abin da bai wuce maƙogwaro ba bai karya azumi ba, kuma mai ciwo an yi masa sauƙi ya rama. Tambaya ɗaya, da ta raba ni da wata uku na wahala.

Allah ya jiƙan Majo, ya jiƙan Inna da maigidana. Baturen nan ma ban san sunansa ba, amma na gode masa.

Ke ɗiyata mai ƙorafi, koma. Bar shi ya wanke har ya gamsu, kada ki matsa masa ya rufe. In azumi ne ko wani shakku, tambayi malam da likita tun kafin ki hau kujera. In kin ga ƙurji a dasashi, kada ki jira.

Yau haƙora shida suka rage a bakina. Waɗanda ba su taɓa ciwo ba duk sun tafi. Shi yana nan gaba, ya ɗan yi duhu, kuma da shi na gatsi goro da safen nan.