Matar da Ta Juye Gwangwanin Tela

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe tagar ɗakin magani, ta goge teburi, ta shimfiɗa farin tawul. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Tsofaffin da ke karɓar maganin ƙanjamau a hannunta Anti Juye suke ce mata, don ba ta miƙa wa kowa kwalba sai ya juye duk abin da yake sha a kan tawul ɗin nan. Masu gaggawa sun sha yi mata tsaki, ko a jikinta.

Bara ne aka yi abin da har yau nas-nas ke riƙe baki idan an tuna. Wani tsohon tela ya shekara goma sha bakwai a kan magani lafiya lau, sai gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta sake tasowa. Likita ya ce lallai ya daina sha ne. Tsohon ya rantse har da hawaye, ba wanda ya yarda, ga shi kullum sai ramewa yake.

"Baba, ina magungunanka?" in ji Anti Juye, ranar da aka fara turo shi tagarta.

Ya zaro gwangwanin maɓallai daga aljihu. Ta juye shi a kan tawul. Ƙwayoyi iri tara ne a cakuɗe, farare da jajaye, ba takarda ba suna, har da maɓalli biyu.

"Ina kwalaben, Baba?"

"Na jefar, 'yata. Jikokina sun iya karatu."

Ta ja kujera, ta riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya. Na hawan jini kashi biyu ne, abu ɗaya da likitoci biyu suka rubuta, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Ga na ƙarin jini, ga na ƙwannafi da ya saya a kemis. Duk a tafin hannu yake haɗa su da asuba ya kora da ruwa, bai san na ƙwannafin da na ƙarin jinin suna hana na ƙanjamau shiga jiki idan aka haɗiye su tare ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta raba masa lokutan sha, ta zuba kowanne a robarsa, ta ɗaura wa kowace roba zare mai launi dabam, tunda tela ba ya mance launin zare. Sannan ta taka da ƙafarta har ofishin likita, ta faɗa masa abin da ta gano.

Ke ce mai idon da ba ya gajiya, Anti. Ke ce kika yarda da rantsuwar tsoho ranar da kowa ya ƙaryata shi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, gwangwani nawa ke yawo a aljihu ba a buɗe ba?

Bayan wata uku ƙwayar cutar ta kwanta. Tela ya riƙe takardar gwajin, ya ce wa likita, "Ka gani ko? Ban taɓa fashi ba."

Mun gode, Anti, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku gaji tagarta, kafin ku kira tsoho maƙaryaci, ku ja kujera ku tambaye shi yadda yake sha.