Suhaibu da Muryar Gwaggo Iyatu

Suhaibu ɗan Bunkure ne, kuma a gidansu shi kaɗai ne ya ƙi fartanya ya kama waya. Da ya dawo daga karatu a Kano, sai ya zauna a zaure ya haɗa manhaja mai tuna wa manoman rani ranar da za a sako ruwa a kanal ɗinsu. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Matsalar ita ce wayoyin mutanenmu ba su da fili.

Duk ranar kasuwa, manomi zai miƙa wa Hambali mai tura fina-finai wayarsa, Hambali ya duba ya ce memori ya cika, ya goge abin da bai gane ba. Manhajar Suhaibu ce ke fara tafiya. Ya yi roƙo, ya yi fushi, har tsire ya saya wa Hambali, duk a banza. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don babansa ya riga ya ce idan wannan rani ya wuce ba ta kama ba, gonar tumatir na jiransa.

Rannan yana tsakar gida, Gwaggo Iyatu, ƙanwar babansa mai turara shinkafa, ta buɗe wa masu yi mata shanya wuta. Bakinta kuwa duk unguwa an san shi. Suhaibu ya lallaɓa ya naɗi faɗan, ya cire ƙarar da ke manhajar ya sa muryarta.

Daga nan, in ruwa ya kusa, sai aljihun mutum ya ce, "Tashi, malalacin banza! Kana zaune kamar buhu!" Manoma suka dinga dariya suna tura wa juna. Wasu ko gona ba su da ita, don tsokanar abokai suka sauke. Hambali da kansa ya daina gogewa.

Suhaibu bai gaya mata ba. A kasuwa ta ji kanta tana zagin Malam Dattijo, ladanin unguwa, daga cikin aljihun rigarsa, shi kuma ya miƙe zumbur.

Tana dawowa ta shigo zaure ta sami Suhaibu. Ya san in ta ce a goge, an goge, shi kuma sai gona.

"Kai ka saka ni a wayar mutane?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, wallahi..."

"Rufe min baki. Ranar mura nake yi, murya duk ta dushe, shi ne ka raba wa gari? Kunna abin naɗar in yi na gaske."

Ya kunna. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta fara faɗan da cikakken sunansa har da na babansa. Wannan ne yanzu ke tashin manoma daga Bunkure har Kura, kuma ta hana a yanke ko kalma ɗaya.